Shekarar da Na Ɗauke Abba Daga Ɗakin Inna

Na san abin da ake gaya muku a gidajen dangi. An ce ubanku ya yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu, ya shiga gidan uwarsa da rana kata ya ƙwace ɗan da ya ba ta riƙo, don kawai ya yi boko yana ganin ya fi kowa sani. Ban taɓa musa maganar ba, yanzu ma ba musu na zauna yi ba, domin rabinta gaskiya ce. Ɗaya rabin ne babu wanda ya taɓa tambayata. Yayanku Abba ba ya son a tayar da zancen, mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya, ni kuwa gwiwoyina sun fara ba ni sanarwa. Saboda haka ga yadda abin ya faru, kamar yadda na gan shi.

A lokacin Lafia tana ƙarƙashin Jos, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Ni ne malamin wasanni da kiwon lafiya. Yara suna kirana Malam Usur a bayan idona, saboda usur ɗin da ba ya barin wuyana, har wata Juma'ar sai na shiga sahu nake tunawa in cusa shi cikin riga. Ina zaune da mahaifiyarku Rabi a Akurba, inda na samu fili na yi ɗaki biyu, lokacin rabin wurin gonaki ne. Inna, wato mahaifiyata, tana gidanmu na gado kusa da kasuwa. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da safe kuma ta yi tuyar doya da ƙosai. Tun daga bakin lungu hanci zai gaya maka ka kusa gidan.

Abba shi ne ɗanmu na fari. Sunan mahaifina marigayi aka sa masa, Idirisu, shi ya sa babu mai kiran sunan. Da aka tashi yaye shi aka kai shi wurin Inna kamar yadda aka saba, da niyyar ya yi mako biyu ya manta da nono. Bai dawo ba. Inna ta ce Allah ya mayar mata da maigidanta, wa zai raba ta da shi? Babu wanda ya ga wani abu a ciki, ni ma ban gani ba. Ku 'yan yanzu da kuke saɓa 'ya'yanku na fari a kafaɗa kuna yawo da su cikin kasuwa ba za ku gane ba, amma a namu zamanin ɗan fari abin jin kunya ne ga iyayensa. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka yi masa wasa. In ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai, wani ya ɗaga shi. In aka tambaye ka lafiyarsa ka ce, "Suna can." Ni "yaron nan" nake ce masa. Rabi ko hakan ba ta iyawa, sai dai ta ce "na wajen Inna". Mun riƙe wannan kara da kyau, har ana ba da misali da mu a cikin dangi.

Sai kun san Inna kafin ku yanke mata hukunci. Haihuwarta bakwai, mu uku muka rayu. Huɗun nan babu wanda ya kai shekara biyar, kuma duk hanya ɗaya suka bi: ƙyanda ko gudawa ta kama yaro, ya daina cin abinci, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, a wayi gari a fita da shi a 'yar tabarma. Ba a littafi ta karanta wannan ba, a cinyarta suka cika. A wurinta rama ita ce hanyar kabari, yaro mai jiki kuwa mutuwa sai ta sha wuya kafin ta kai gare shi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, Inna kuwa sau huɗu aka sare ta.

Don haka ta duƙufa a kan Abba. Da sassafe kunun gyaɗa da sukari har ya yi ɗanƙo, da ƙosan kaskon farko. Kafin ya fita a soya masa doyar garin Assakio, a cika masa aljihu da ƙuli-ƙuli. Ya dawo ya tarar da sakwara da miyar da mai ke iyo a kanta, an zuba gishirin garin Keana da sakakken hannu, don Inna ta ce shi ne ke ƙarfafa ƙashi. Shekarun nan ne da madara da sukari suka yi wuya, mutane suna yini a layi su koma hannu rabbana, amma ban taɓa shiga ɗakin Inna na rasa gwangwanin madara a ƙarƙashin gado ba. Yadda take samu, ita da Allahnta. Ba a aikensa, ba ya ɗebo ruwa, ba ya bin yaran unguwa ƙwallo, don kada ya faɗi ko rana ta taɓa shi. Matan da ke zuwa sayen mai sukan dube shi su ce, "Tubarkalla, Inna, kin iya kiwo," ita kuma ta yi musu gyara mai yawa. Yana aji shida, shekararsa goma sha biyu, da awon manya tela ke ɗinka masa kayan makaranta.

Makarantar da nake koyarwa ita ta fi kusa da gidan Inna, don haka nan aka sa shi. Ina da wata ɗabi'a da na taho da ita daga kwalejin horon malamai. Duk Talata da Alhamis nakan fitar da aji su zaga fili sau biyu, in busa usur su tsaya, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina kama tsintsiyar hannu ina duban agogo. Bayan sun ɗan huta in sake bi. Yaro mai lafiya zuciyarsa takan yi saurin komawa daidai. Wanda tasa ta daɗe tana dukan uku-uku, akwai magana. Ta haka na gano masu ƙarancin jini da masu tsutsar ciki da dama, na rubuta wa iyayensu takarda, kuma ina alfahari da hakan. Yawancin yaran 'ya'yan manoma ne, Eggon da Alago da Gwandara da Tibi, waɗanda sun yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin a buga ƙararrawa, damuwata da su ƙarancin abinci ce. Abba kaɗai ne tasa matsalar ta juya, kuma shi kaɗai ne ban taɓa kama hannunsa ba. Tun yana aji ɗaya Inna ta aiko cewa kada a sa shi gudu. Saƙon ya yi mini daɗi, don ya raba ni da tsayawa gaba da gaba da ɗan fari a idon mutane. Sai na naɗa shi mai gadin riguna. Shekara shida yana zaune a gindin mangwaro kusa da tulin rigunan 'yan ajinsu, yana cin ƙuli-ƙuli yana kallonsu.

Ba zan ce ban ga alamu ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bayan wuyansa ya yi baƙi kamar an shafa gawayi, Inna ta yi ta dirzar wurin da soso da sabulun salo tana ɗora laifin a kan ruwan rijiya. Yana barci a aji har da munshari, yara na dariya. Matakalar ofishin hedimasta uku ce, in ya hau sai ya dafa bango ya huta. Ba ya wuce randa bai sha ruwa ba. Da ɗan wani ne, da tuni ubansa ya samu takardata. Wannan shiru na shekara shida shi ne laifina na gaskiya a cikin labarin nan, kuma shi ne wanda babu wanda ya taɓa zargina a kansa.

Rabi ce ta fara taɓa maganar. Ta dawo daga gaishe da Inna wata la'asar, tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Malam, na wajen Inna, numfashinsa yana da ƙara."

"Ai haka yake tun da," na ce.

"A zaune fa yake. Ba abin da yake yi."

"To ki gaya wa Inna mana."

"Ni? Da wane bakin?"

Na ce ni ma da wane bakin. Muka bar zancen a nan, ta ci gaba da tsintarta.

Ana cikin haka gasar wasanni ta shekara ta zo, cikin bazara, lokacin da zafin Lafia ke sa mutum ya yi wanka ya fito yana zufa. An raba yara gida huɗu, kowane gida da launinsa. Wasan ƙarshe shi ne jan igiya, kuma dabarar da kowa ya sani ita ce a sa mafi nauyi a can ƙarshe, a ɗaura masa igiyar a ƙugu. 'Yan gidan Kore suka zo mini a ƙungiya suna roƙon in ba su Abba. Shi yana tsaye a bayansu yana kallon ƙasa, amma na ga yadda yake murza bakin rigarsa. Tun da ya shiga makarantar, ranar ce aka fara neman sa don wani abu. Na ce a raina, jan igiya ai ba gudu ba ne, ban saɓa wa Inna ba. Na ce su ɗauke shi.

Suka ci ja na farko, fili ya ɗauka, "Abba! Abba!" Aka cinye su a na biyu. Na uku ya daɗe, kowane ɓangare ya kafe, ƙyallen tsakiyar igiya yana rawa a wuri ɗaya, har dai 'yan Kore suka janye shi. Na busa usur. Yara suka saki igiya suka watse suna tsalle. Abba ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta ta gefe, igiyar tana ɗaure a ƙugunsa.

Tsakanina da shi bai fi taku goma ba, kuma ban motsa ba. Gara ku ji wannan daga bakina. Filin cike yake da iyaye, kuma abin da ya fara zuwa kaina shi ne za a ga Malam Shu'aibu yana gudu wurin ɗansa na fari. Hedimastanmu, Mista Kuje, mutumin Eggon, dattijo mai ƙaton ciki, shi ya riga ni isa daga can rumfar baƙi. Ya kwance igiyar, ya waiwayo yana daka mini tsawa.

"Ticha! Ticha Shu'aibu! Zo mana, kai ne ka san wannan aiki! Abi ba pikin naka ba ne, ɗan cikinka?"

Na je na durƙusa na kama tsintsiyar hannunsa. Rabona da taɓa jikinsa tun ranar da na yi masa huɗuba a kunne. Hannun yana da nauyi, ga zufa mai sanyi. Na dubi agogo na fara ƙirga, lissafin ya ɓace mini, na sake, ya sake ɓacewa. Aka yi masa fifita, aka yayyafa ruwa, minti biyar suka wuce bugun bai sauka ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Da ya buɗe ido ya ga wanda ke riƙe da shi, sai ya yi ƙoƙarin janye hannunsa, don shi ma an koya masa jin kunyata. Ban sake shi ba.

A motar Mista Kuje muka kai shi asibiti. Likitan matashi ne, ya auna jininsa sau biyu don ya zaci na'urar ce ta lalace. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ce in dawo. Da na koma ya zaunar da ni ya yi mini bayani ba tare da kwana-kwana ba. Jinin yaron ya hau irin na dattijo. Sukari ya fara yi masa yawa a jini, baƙin wuyan nan ma alamarsa ce, ba dauɗa ba. Zuciyar ta yaro ce, amma kayan ƙato take ɗauka dare da rana. Ya ce ba a kai ga allura ba tukuna, kuma in an rage mai da sukari da gishiri, yaron ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, ana iya juyo da abin. In kuwa aka ci gaba a haka, shi ba zai yi mini alkawarin yaron zai ga auren kansa ba. Sannan ya tambaye ni sana'ata, don ya san yadda zai rubuta mini abincin.

"Malamin makaranta ne," na ce.

"Me kake koyarwa?"

"Wasanni da kiwon lafiya."

Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauka ya ci gaba da rubutu.

Daga asibitin gidan Inna na wuce. Na same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza, mai yana bin yatsunta. Na tsuguna na gaishe ta, na gaya mata abin da likita ya ce, ina zaɓen kalmomi.

"Likitan ya haifa?" ta ce.

"Ban tambaye shi ba, Inna."

"To ni na haifa, na kuma binne. Wa ya ɗaura masa igiya a ciki kamar san noma, ni ko kai? Shekara goma yana hannuna, ko zazzaɓin kirki bai taɓa kwantar da shi ba. Rana ɗaya na bar maka shi, aka kawo mini shi a mota."

Gaskiya ta faɗa.

"Kuma yaushe ka fara sanin ciwonsa? Yaushe aka fara haka a gidan nan? Ina kunyar?"

Na yi ta lallashi har aka kira magariba. Daga ƙarshe ta ce, "Na ji," ta shiga ɗaki. Na san irin wannan "na ji" ɗin, amma na karɓa, na ba abin kwana arba'in. Akwai sikeli a ofishin hedimasta, duk Litinin Mista Kuje yakan ɗora Abba a kai ya rubuta mini a 'yar takarda. Nauyin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Wata rana da tara, wato hutun cin abinci, na hango shi a bayan azuzuwa shi kaɗai, ya buɗe gwangwani cike da soyayyen nama da dakuwa yana ci da sauri. Na tsaya a kansa. Wannan ita ce hirarmu ta farko ni da shi.

"Wa ya ba ka?"

"Inna."

"Ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

Ya rufe gwangwanin, sannan ya ce, "Inna ta ce in na rame zan mutu kamar baffannina. Ta ce kai ba ka gan su ba."

Ba ƙarya ta yi ba, ni ne auta, ban gan su ba. Amma a ranar na gane cewa muddin yana ɗakin nan babu abin da zai canza, kuma ba don Inna ba ta son sa ba.

Mako guda na yi ina juya maganar. Na san matsayin uwa, ba sai an karanta mini ba. Ban shawarci kowa ba, domin na san abin da kowa zai ce: a yi haƙuri, a bi a hankali, tsohuwa ce. Ni kuwa na riƙe hannun yaron, na ji abin da ke ciki. Ranar Juma'a na ce wa Rabi ta share ɗaya ɗakin. Ta dube ni, sai ta juya ta ɗauko tsintsiya.

Ranar Asabar da hantsi na isa gidan. Inna tana gaban kasko, mata huɗu ko biyar suna tsaye da kwalabensu suna jiran mai. Na so in jira su watse, sai na ga in na jira ba zan iya ba. Na tsuguna na gaishe ta.

"Inna, na zo tafiya da Idirisu."

Matan suka dubi juna.

"Da wa?"

"Da Idirisu, Inna."

Ta sauke kaskon daga wuta a hankali, ta goge hannu da gefen zane.

"Ka kira sunan," ta ce. "A gabana, a gaban mutane." Ta nuna ƙofar ɗaki. "Ɗauke shi. Naka ne. Ashe ba ni na haife shi ba, yau na sani. Amma ka buɗe kunnenka: ran da ya rame ya kwanta, kada ka aiko a gaya mini. Na gama nawa zaman makokin yara."

Da hannunta ta ninke kayansa ta ɗaure a zane. Abba ya rungume ƙafar gadonta yana kuka kamar ɗan yaye. Masu cewa na ja shi a ƙasa ba su nan. Ban taɓa shi ba, a bakin ƙofa na tsaya, har sai da Inna ta ce, "Tashi ka bi shi," sannan ya tashi. Na ɗora ƙunshin a kan kekena ina turawa, shi yana biye, a ƙasa har Akurba. Sau bakwai muka tsaya a hanya, ya zauna a bakin titi yana haki, ni ina tsaye ina kallon wani wuri.

Daga ranar na jingine keken. Kullum da safe mu taka zuwa makaranta, in an tashi mu tako zuwa gida, ni a gaba shi a baya. Rabi ta koma tuwon dawa da miyar kuka ko zogale ko rama, mai cokali ɗaya, gishiri ɗan kaɗan, kuma kowa abin da zai ci ke nan, don ban yarda a yi tukunya biyu ba. Ku manya, Hadiza da Sale, kuna iya tuna shekarar da miya ta daina daɗi, kuna ta yi wa mahaifiyarku ƙorafi. To ga dalilin. Wata huɗu Abba bai yi mini magana ba in ban da gaisuwa. Sau biyu ya gudu wurin Inna. Ta ciyar da shi har ya ƙoshi, amma kafin magariba ita da kanta ta ce ya koma, don Inna ba ta janye maganar da ta riga ta faɗa. A gari kuwa an samu abin taunawa. Wasu dattawan da nake gaisarwa suka fara amsa mini da ka. Wata gwaggona ta aiko a tambaye ni ko a makarantar boko ne ake cire wa mutum kunya, ko ni na zubar da tawa a hanya.

A makaranta na sauke shi daga gadin riguna na sa shi a layi. Da farko rabin fili yake yi, da tafiya. Na riƙa kama hannunsa kamar na kowa, sai dai shi nake bari ƙarshe. Kafin damina ta ƙare yana zaga filin sau ɗaya da ɗan gudu, bugun kuma ya fara sauka kafin in gama zagayen sauran. Baƙin wuyan ya soma washewa ba tare da soso ba. Munsharin ya ragu. Sau biyu aka kai wa tela kayansa ya rage. Da muka koma asibiti wajen kaka, likitan ya auna sau ɗaya ya ce mu ci gaba da abin da muke yi. A hanyar dawowa Abba ya taka har ya jera da ni, ya tambaye ni yadda ake ƙirga bugun. Na tsaya a gindin wata ɗorawa na nuna masa a hannuna.

Abin da ban lissafa ba shi ne Inna. Duk Juma'a nakan je gaishe ta, ta amsa gaisuwar, daga nan babu ƙari. In na yi tambaya ta ce, "Lafiya." Da Sallah Abba ya je mata da sabuwar riga. Ta jawo shi ta lalubi damtsensa, ta lalubi ƙashin wuyansa, ta juya ta fuskanci bango tana kuka. A shekarar ta daina tuyar safe, ta ce idonta ba ya son hayaƙi. Yayata Asabe, wadda ta dawo gidan da zama don ta kula da ita, ta gaya mini ainihin dalilin: shekara goma Inna ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, kwano ɗaya suke ci da Abba, da ya tafi sai ta riƙa cin loma biyu ta ture. Na sa Abba ya riƙa zuwa mata duk Asabar su ci tare. Ya je sau uku, kowane zuwa ta cika masa kwano da abin da aka hana shi, ya ƙi ci, ta ce in ba zai ci ba ya daina zuwa yana tsaya mata a rai. Ta rame ƙwarai. Ina ganin haka duk mako, kuma ban mayar mata da shi ba.

Shekara uku bayan haka ta kwanta ciwon ajali. Wata la'asar ina zaune a gefen gadonta, Asabe tana bakin ƙofa, Abba ya shigo daga filin ƙwallo. Lokacin yana sakandare, ya yi tsawo, shi ne mai tsaron gida na ajinsu. Inna ta nemi ruwa. Ya sa hannu ɗaya ya ɗago ta kamar ba komai, ya ba ta ta sha, ya kwantar da ita. Ta bi shi da kallo har ya fita. Na ga dama ta samu, na matsa kusa.

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe maka nonon da ka sha," ta ce, muryar a ƙasa amma a sarari. "Na yafe maka goyo. Na yafe maka duk abin da ka yi mini da ƙuruciya."

Na jira. Ba ta ƙara ba.

"Maganar yaron fa, Inna?"

"Ka ga wuyansa kuwa? Duk ƙashi." Ta rufe ido. "Wannan ka bar ta sai mun haɗu."

Bayan kwana biyu ta cika. Gwaggonku Asabe ta riƙa gaya wa mutane cewa Inna ta yafe mini komai kafin ta rasu. Don ta rufa mini asiri ta faɗa, Allah ya saka mata, amma ba haka aka yi ba, kuma ba na son ku gaji maganar da ba ita ba ce. Na yi mata addu'a, na yi sadaka, na yi mata aikin Hajji. Duk wannan bai mayar da amsar ta zama wata ba. Abin yana yi mini ciwo har yau, kuma da za a mayar da ni bakin ƙofar nan da safiyar Asabar ɗin, abin da na yi shi zan sake yi.

Yanzu Abba ya haura hamsin, furfura ta fito masa, ya aurar da 'yarsa ta fari, wadda yake kiran sunanta gatsal a gaban kowa. Ita Inna tana can tana jira, ni kuma na kusa. Ba ni da wata hujja da zan tafi da ita sai cewa na baro shi da rai. Na san Inna. Kafin in buɗe baki za ta tambaye ni ko yana cin abinci.